Kambun Minjirya da Mitar Awon Wuta

Abba,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Ina fata direban da na ba wa saƙon nan ya same ka lafiya, kuma ka sami masauki mai kyau a can gabas. Allah Ya tsare ka a hanya da wurin aiki, Ya haɗa ka da abokan zama nagari, Ya raba ka da tsautsayi da asara. Ummanka tana gaishe ka, ta ce in gaya maka yajin da ta cusa maka a jaka na ci ne, ba na ajiya ba. Labarin gida ba zan cika ka da shi ba, kullum kana jin sa a salula. Abin da ba ya faɗuwa a salula shi ya sa na ɗauki biro da hagu, sai ka yi haƙuri da rubutun, ka san tonon kaza ne.

Ranar da za ka tafi ka durƙusa a zaure ka roƙe ni kambun gidanmu, na ce maka ka je zan aiko. Na ga yadda fuskarka ta sauya, ka ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi. Ba rowa ba ce, tsoro ne. Ana gobe za ka tafi na bi ka gidan maƙwabcinmu Malam Haruna, inda soket ɗinsu ya lalace. Kai da ka yi karatun lantarki har aka ba ka takarda, ga testar gwada wuta a aljihunka, amma sai ka kai bayan yatsa ka taɓa tsirarar waya, ka fizge, ka yi dariya ka ce, "Akwai wuta, Baba." Matan gidan suka ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ma na yi dariya don kada in kunyata ka. Da na dawo gida na kwana ina tunani, domin za ka tafi aikin dasa injinan ban ruwa masu sola ne a fadama, cikin laka da ruwa, kuma da wannan ɗabi'ar za ka shiga.

Ka san tarihin kambun, amma bari in sake ba ka shi yadda kakata Iya Delu ta ba ni, don ina jin daɗin tuna shi. Mai shi na farko surukinta ne, kakan mahaifina, wanda ake kira Maigora. Ya yi zamani tun kafin zuwan Turawa, lokacin da ake rufe ƙofofin ganuwar Haɗeja da magariba, fataken Borno suna sauka da kanwa da gishiri a bayan gari. Masunci ne, ba ya shiga kwalekwale, a kan ƙatuwar gora yake kwanciya ya bi kogi da komarsa. A zamanin nan ba wanda ya san wata wuta mai girgiza mutum sai biyu, tsawar sama da minjiryar ruwa. Wata rana da rani komarsa ta kama minjirya mai kaurin cinya, ya sa hannu bai sani ba, ta buge shi har ya suma. Gorar ta riƙe shi a saman ruwa, aka tsamo shi a ƙasan gari da kifin a cikin koma. Da ya farfaɗo sai ya sa aka feɗe minjiryar, baduku ya ɗinka fatar a cikin kambu, aka ce daga ranar wuta ba ta cin ɗan gidanmu.

Daga nan al'adar ta samo asali. Duk yaron gidanmu da zai fara zuwa su, wato kamun kifi, sai a sa 'yar ƙaramar minjirya a ƙwarya da ruwa, a ce ya tsoma hannu. Ina tuna nawa kamar jiya. Ruwa ya ja baya, gari duk ya fito bakin gurbi, makaɗa suna kiɗa, hayaƙin bandar kifi ya cika wurin. Na tsoma hannu, na ƙwala ihu, na zauna daɓas a laka. Iya Delu ta shafa mini man shanu har gwiwar hannu, ta ba ni soyayyar karfasa mai zafi, tana mini kirari wai na zama namiji. Ban taɓa cin kifi mai daɗin wannan ba, har yau. Wallahi ina kewar mutanen nan, Abba, da kogin yadda yake a da, kafin ciyawar kacala ta toshe masa hanyoyi.

Da aka kawo lantarki cikin gari ina saurayi, na gaji da ƙarnin kifi, musamman da na lura 'yan matan dandali suna ja da baya in na matso. Mahaifina, wanda ka ci sunansa, bai hana ni ba. Ya kai ni shagon Malam Ilu mai gyaran wuta a bakin kasuwa, ya cire kambun daga damtsensa ya ɗaura mini, ya ce ai wannan sana'a tamu ce tun kafin ta zo.

Malam Ilu mutum ne mai sanyin magana, ba ya koyarwa sai da tsinke a ƙasa. Yakan ce abu uku ne a cikin waya. Akwai turi, shi ake awo da bolt. Akwai yawan wutar da ke wucewa, ita ake awo da amf. Akwai kuma turjiyar da hanya ke yi mata, ita ake awo da om, kamar dai yadda kacala ke tare ruwa a magudana. In ka raba bolt da amf ka sami om. In ka ninka bolt da amf ka sami wat, wato ƙarfin da abu yake ci. Na haddace su tsaf kamar aku, in ya tambaya in zubo masa, amma a zuciyata ina ganin wannan lissafin marasa gado ne. Ka fi ni sanin waɗannan abubuwa, har da haruffansu na boko. Ba koya maka zan yi ba, so nake ka ji abin da raina su ya jawo mini.

Kuskurena na farko a gonar wani Alhaji Tanko na yi shi, a hanyar Guri. Ya sayi injin ban ruwa mai aiki da lantarki don noman alkama. Janareta yana kan tudu cikin rumfa saboda ambaliya, injin kuwa yana can ƙasa bakin kogi, da 'yar tafiya a tsakani. A jikin injin an rubuta wat dubu biyu da ɗari biyu. Da na tsaya na raba wannan da bolt ɗari biyu da ashirin, da na ga amf goma zai ja, da na san kaurin wayar da ta dace. Ban tsaya ba. Na ɗauki siririyar waya irin ta ƙwan fitila, don ita ce a kusa kuma ina sauri in je kallon dambe, na ja ta ta kan tarin bambaron shinkafa. Na kai yatsa, ta cije ni, na ce wa Alhaji aiki ya kammala. Injin ya tashi yana nishi. Kafin la'asar wayar ta narke, wuta ta kama bambaro, ta haye rumfa, ta cinye irin alkamar da ya ajiye a ciki, da ƙyar aka janye janareta.

Malam Ilu bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya sa na sake jan irin wayar nan a gaban Alhaji da 'ya'yansa, aka kunna, ya ɗora mita. A bakin janareta bolt ɗari biyu da ashirin, a bakin inji ɗari da casa'in, wutar da ke wucewa kuwa amf goma. Ya miƙo mini tsinke ya ce in gaya wa jama'a inda bolt talatin suka shiga. Na durƙusa ina gumi, na raba talatin da goma, na sami om uku, turjiyar wayar ke nan. Na ninka talatin da goma, na sami wat ɗari uku. Wato kamar na kunna manyan ƙwayayen fitila uku irin na da, masu ƙona hannu, na cusa su a cikin bambaro na tafi kallon dambe. Alhaji bai gane lissafin ba, amma ya gane fuskata. Shekarar nan bai yi alkama ba, kuma har ya rasu bai daina kira na Sarkin Wuta ba.

Saboda haka, in ka je gona kada ka yanki waya sai ka karanta abin da ke jikin inji ka yi rabon nan. In ka haɗa, ka auna a farko ka auna a ƙarshe, injin yana aiki, ba yana kashe ba. In mai gona ya matsa maka da siririya don ta fi sauƙi, ka tuna masa araha ba ta ado, in ya ƙi ji ka tattara kayanka. Yatsa ba ya faɗin komai sai akwai ko babu, bai san nawa ba ne.

Za ka ce ai daga nan na yi hankali. Na yi hankali da kaurin waya, amma ban yi hankali da jikina ba. Shekara da shekaru ina taɓa waya da bayan yatsa a gidajen mutane, ta ɗan cije ni in fizge, yara su taru suna kallo, ni kuwa ina jin kaina.

Kana rarrafe abin da ya ci mini hannu ya faru. Ƙarshen damina ne, ruwa ya fara ja, gonaki duk laka. Aka kira ni wata gona wai inji ya tsaya. Na ajiye babur a kan hanya, na bar takalmin roba da mita a kansa, don na ga za su yi mini nauyi a cikin taɓo. Na shiga ba takalmi, ruwa har idon sawu, gumi ya jiƙe ni sharkaf. Na hango inda aka yi haɗi aka naɗe da leda. Janareta yana ta ruri, na ƙi sa a kashe shi, don na san wahalar tayar da shi. Na zare ledar na kai bayan yatsa kamar kullum, sai santsi ya kwashe ni, na damƙi wayar da tafin hannu.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Hannun ya rufe a kanta ya ƙi buɗewa, ina so in yi salati harshe ya ƙi motsi, ƙirjina kamar an ɗora turmi. Ina jin ƙaurin nama ban san nawa ba ne. Akwai wani Bafillatani mai suna Buba da ke kiwo a gefen gonar, wanda kwana ɗaya kafin nan muka yi cacar baki da shi saboda shanunsa sun tattake mini waya. Shi ya rugo ya ɗaga busasshiyar sandarsa ya sauke mini a wuyan hannu, wayar ta faɗi gefe, ni na faɗi gefe. Bugun ya karya ƙashin. Daga baya mun zama aminai, kuma duk sanda na tambaye shi ko ceto ya yi niyya ko ramuwa, sai ya ce shi ma bai tantance ba.

Kafin a sallamo ni daga asibiti labari ya riga ni isa gida. Baffanka Idi ya bi gari yana cewa da ba don kambun Maigora ba da tuni an yi sadakar uku, ai wutar da ta kama ni ta isa ta kashe bijimin sa. 'Yan dubiya suna zuwa suna shafa kambun suna jinjina kai. Ni kuma na bar su a haka, domin ya fi daɗi a ce maka mai gado da a ce maka sakaran da ya bar takalminsa a kan babur.

Malam Ilu ne kaɗai bai shafa ba. Ya zo ya tsufa, yana dogara sanda, ya zauna a zaure ya dube ni.

"Da takalmi a ƙafarka?" in ji shi.

Na ce babu.

"Hannun a bushe yake?"

Na ce a jiƙe.

Sai ya nemi tsinke. Ya ce busasshen hannu mai kanta irin na ɗan masunta, ga silifa a ƙafa, ga daɓen siminti, turjiyarsa a ƙiyasi takan kai om dubu ɗari. Raba bolt ɗari biyu da ashirin da dubu ɗari, abin da zai ratsa ka wajen kashi biyu ne cikin dubu na amf ɗaya, shi ne ɗan cizon da kake wa yara wasa da shi. Amma jiƙaƙƙen mutum a tsaye cikin ruwa turjiyarsa takan faɗo wajen om dubu ɗaya. Turin bai ƙaru ba, wayar ita ce dai ta kullum, amma wutar da ta bi jikina ta ninka sau ɗari, ta haura kashi ɗaya cikin biyar na amf. Ya ninka wannan da bolt ɗin, ya sami wat kusan hamsin, ya ce zafin ƙwan fitila guda ke nan yana ci a cikin naman mutum, ta hannu ya shiga, ta ƙirji ya bi, ta ƙafa ya fita. Ya kuma ce minjirya bugu take yi ta saki, wutar waya kuwa kamawa take ta riƙe.

"Sule," ya ce, "shekarun nan ba kambu ke tsaronka ba. Allah ne, sai kanta da silifa."

Ya shafe lissafin da ƙafa ya tafi, kuma bai taɓa tayar da maganar a gaban kowa ba.

Sauran ka gan shi da idonka. Ƙunar ta cinye jijiyoyi, ɗorin bai zauna daidai ba, yatsun suka lanƙwashe. Tun kana goye nake miƙa wa manya hagu ina ba da haƙuri, nake cin tuwo da cokali a gidan biki kamar baƙo. Amma abin da ya fi ci mini rai ban taɓa gaya maka ba. Ni da na gudu daga ƙarnin kifi, ashe ina son kogin nan. Da can in aiki ya yi sauƙi nakan bi Baffanka mu jefa birgi da hantsi, ragar ta buɗe a sama ta sauka a hankali. Birgi ba ya jefuwa da hannu ɗaya. Yanzu in na je bakin ruwa zama nake a inuwa ina tsaron takalman mutane.

Kuskure na uku shi ya fi sauran, don a kanka na yi shi. Ranar da aka kawo maka taka ƙwaryar, ka tsoma hannu, minjirya ta buge ka, ka cije leɓe ka ƙi kuka. Ba a taɓa yin yaron da bai yi kuka ba a gidanmu. Baffanka ya ɗaga ka sama yana cewa Maigora ya dawo. Ni da na san lissafin Malam Ilu, ni da hannuna yake naɗe a cikin riga, maimakon in ja ka gefe sai na fi kowa baza labarin a majalisa. Daɗi ne ya ɗebe ni, ɗana ya yi abin da ban iya ba. Ummanka ta yi mini magana a lokacin, na ce mata wannan harkar maza ce. Da na ga yatsanka a kan wayar Malam Haruna na san ni na ɗora shi a wurin.

To ka saurare ni yanzu, in kunne ya ji jiki ya tsira. Aikinka ya fi nawa haɗari. Fanel ɗin sola ɗaya mai bolt arba'in ba ya ba mutum tsoro, amma in ka jera goma bi da bi sun zama ɗari huɗu, kusan ninki biyu na wadda ta cinye mini hannu. Janareta ana kashe shi, rana kuwa ba ta da makunni. Ka raba haɗin tun daga sama kafin ka sauka wurin inji, kuma ko ka raba ka ɗora mita ka gani da idonka. Kada ka shiga gona ba takalmin roba da safar hannu, ko da zafi zai narkar da kai. Kada ka yi aiki kai kaɗai, don ba kowace gona ke da Buba a gefenta ba. In abokan aiki suka ce an ce ku 'yan gidan minjirya ne, nuna mana, ka ce musu ubanka ya riga ya nuna, su zo Haɗeja su gaisa da shi.

Na yi ta juya maganar kambun a raina. Har na yi niyyar in jefa shi a kogi, na kasa. Yana ƙamshin ɗakin Iya Delu, gumin mahaifina yana jikinsa, kuma ban ga laifin Maigora ba, shi kifi ya kama, bai ce wa kowa ya taɓa waya ba. Iya ma takan ce tun daga ranar da minjirya ta buge shi bai sake zura hannu a koma ba sai ya fara zungura da kara. Wannan ɓangaren labarin ne maza ba sa son faɗa, ni ma sai yanzu na tuna shi.

Don haka na cika alkawari. Buɗe ƙunshin da direba ya ba ka. Za ka ga sabuwar mita a cikin jakar fata, ta fi wadda kake da ita, tana auna bolt da amf da om. Na kai wa baduku kambun ya ɗinke shi a jikin marfin jakar, ɗinki biyu, da zare mai ƙarfi. Ya ce bai taɓa ganin an ɗaura wa na'ura kambu ba, na ce ai ita ce za ta riƙa taɓa wutar. Ba ya ɗauruwa a damtse yanzu. In kana son gadon gidanku a kusa da kai, sai ka ɗauki mitar, in kuwa ka bar ta a kan babur ka bar Maigora tare da ita. Baffanka ya ji labari ya yi fushi, ya ce na ɓata kayan kakanni, yau ma bai zo cin tuwo ba. Zai huce.

Abba, ba na roƙon ka dawo da mota ko ka gina mana bene. Lokacin da mahaifina ya rasu, ni ne babban ɗansa, amma da aka zo sa shi a kabari sai na tsaya a sama, Baffanka da wani maƙwabci suka shiga suka karɓe shi, domin ba a karɓar gawa da hannu ɗaya. Har yau abin yana nan a ƙirjina. Ranar tawa in ta zo, kai nake so ka shiga, ka karɓe ni da hannuwanka biyu.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka, Ya kai ka gonakin mutane da alheri, Ya fito da kai cikakke. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka gaishe da maigidanka na wurin aiki. In ka karɓi saƙon ka kira Ummanka, ita ta biya kuɗin direba.

Mahaifinka,
Sule